Yadda za a agaza wa tsirarun da ake tsangwama ba tare da an ƙara jefa su cikin haɗari ba

Tambaya: "Assalamu alaikum. Mu 'yan wata ƙaramar ƙungiyar sa-kai ne, ba mu wuce mutum talatin ba. Mun daɗe muna jin labarin mutanen da ake kai wa hari ana raba su da gidajensu saboda ƙabilarsu ko addininsu, kuma mun tara ɗan abin da ya sawwaƙa. Wasunmu na cewa mu sayi abinci da tufafi mu kai da kanmu, wasu kuma na cewa mu ɗauko hotuna da bidiyo mu yaɗa domin duniya ta sani. Ni dai tsoro nake ji kada mu je gyara mu ɓata. Ta ina za mu fara, kuma me ya kamata mu kiyaye?"

Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya saka muku da alheri. Idan na fahimce ki, abu biyu kike tambaya: yadda ɗan abin da ke hannunku zai isa inda ake bukata, da yadda ba zai zame wa waɗanda kuke so ku taimaka wata masifar ba. Na biyun ya fi nauyi, kuma tsoron da kike ji yana kan hanya.

Wanda ambaliya ta cinye wa gida, da ruwa ya janye haɗarinsa ya wuce. Wanda aka kora saboda asalinsa ko aƙidarsa kuwa, mutanen da suka kore shi suna nan da ransu, sun san fuskarsa, wani lokaci ma suna da ɗan'uwa a ofishin da zai je neman taimako. Saboda haka duk abin da za ku yi, rubuta suna ne, ɗaukar hoto ne, tara jama'a wuri ɗaya don rabon kaya ne, ku fara tambayar kanku: in wannan ya faɗa hannun wanda ke nufin su da sharri, me zai yi da shi?

Kuma ku sani zama tsiraru ba na wani addini ko wata ƙabila ba ne, wuri ne ke kawo shi. Musulmin Rohingya tsiraru ne a Myanmar, inda dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 ta bar su ba su da ƙasa, kuma daga watan Agustan 2017 fiye da 700,000 daga cikinsu suka tsallaka Bangladesh. A 2014 a Iraƙi, mayaƙan ƙungiyar IS mai da'awar kafa daular Musulunci sun shafa wa gidajen Kiristocin birnin Mosul alama da harafin nun kafin su kore su, sannan a watan Agusta suka auka wa Yazidawa, wasu tsiraru masu addininsu na daban, a yankin Sinjar, suka kashe maza suka kwashi mata da yara. A shekarar dai, dubban Musulmin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya suka tsere zuwa Chadi da Kamaru. Ƙungiyar da take jin zafin abin kawai idan nata aka taɓa, ba za ta daɗe tana wannan aiki ba, kuma ba za a amince da ita a wuraren da aka fi bukatar ta ba.

Sunaye, hotuna da bidiyo

A nan zan fi daɗewa, domin a nan masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna ba su sani ba.

A Ruwanda a 1994, katin shaida mai ɗauke da sunan ƙabila shi ake dubawa a shingayen hanya a ware Tutsi. Takardar da aka yi don gudanar da mulki ita ta zama jerin waɗanda za a kashe. Ko manyan hukumomi ba su tsira daga wannan ba: a 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta zargi hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da tattara bayanan 'yan Rohingya, har da hotuna da zanen yatsu, waɗanda daga baya suka isa hannun gwamnatin Myanmar ta hanyar Bangladesh, alhali mutane da yawa ba su fahimci za a yi hakan ba. In mai ma'aikata da lauyoyi ya faɗa wannan rami, ƙungiyar mutum talatin sai ta ninka hattara.

A aikace, kada ku rubuta abin da ba ku da bukatarsa. Don raba abinci, abin da kuke bukata shi ne yawan mutanen gida, yara nawa ne 'yan ƙasa da shekara biyar, akwai mai ciki ko mai shayarwa, akwai tsoho ko mai naƙasa. Ba ku bukatar ƙabila, ba ku bukatar addini, ba ku bukatar sunan ƙauyen da mutum ya baro. Ku ba kowane gida lamba. Takardar da ta haɗa lamba da suna ta zauna wurin mutum ɗaya ko biyu a kulle, kada ta shiga zauren WhatsApp na ƙungiya, kuma ku sa ranar da za a ƙona ta idan aiki ya ƙare. Wayar da ke ɗauke da irin waɗannan bayanai kada a bi da ita ta shingen bincike.

Hoto kuma yana faɗin abin da mai ɗaukarsa bai yi niyya ba. Waya takan liƙa wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi, kuma ko an kashe wannan, hasumiya ko allon makaranta ko dutsen da ke bayan mutum ya isa a gane maɓoyarsa. Fuskar da ta yaɗu a intanet ba ta dawowa. Matar da aka yi wa fyaɗe, in aka nuna ta, za ta rayu da wannan hoton shekara ashirin, 'ya'yanta ma za su gan shi. Kuma amincewar mai jin yunwa da ke kallon buhun abinci a hannunki ba amincewa ba ce, domin yana ganin in ya ƙi hoton zai rasa buhun. Don haka a raba biyun gaba ɗaya: ranar rabo ba a ɗaukar hoto. Fuskar yaro kuwa ba a nuna ta sam. In masu ba ku gudummawa suna son shaida, rasit da lissafi da hoton kayan kansu sun wadatar.

Sai batun 'yan'uwanku masu son duniya ta sani. Niyyarsu mai kyau ce, kuma shaida tana aiki. A watan Nuwamban 2019 Gambiya ta kai Myanmar Kotun Duniya, kuma a Janairun 2020 kotun ta umarci Myanmar ta ɗauki matakan kare 'yan Rohingya. A Nuwamban 2021 wata kotu a Frankfurt ta Jamus ta samu wani ɗan IS da laifin kisan ƙare dangi a kan Yazidawa, kuma shaidar wata uwa da aka kashe wa 'ya ita ce ginshiƙin shari'ar. Amma shaidar da kotu ke karɓa daban take da bidiyon da ake yaɗawa. In mutum biyar suka yi wa mace ɗaya tambayoyi a lokuta biyar, kowa ya rubuta nasa, dole a sami saɓani a rana ko yawan maharan, domin haka ƙwaƙwalwar wanda ya firgita take. Lauyan wanda ake tuhuma wannan saɓanin zai kama ya rushe shaidarta. Ga kuma azabar maimaita labarin. Wannan ne ya sa aka fitar da ƙa'idojin da ake kira da sunan Nadia Murad, wata Bayazidiya da ta kuɓuta daga hannun IS, a 2022, kan yadda ake karɓar bayani daga waɗanda aka ci zarafinsu. Shawarata: kada ku yi wa kowa tambayoyin bincike. In wani ya kawo muku bidiyo ko hoto da kansa, ku adana na asalin yadda yake, kada a yanke, kada a tura ta manhajar da ke matse fayil tana goge bayanansa. Ku rubuta wa ya ɗauka, yaushe, a ina, ta hannun wa ya biyo, sannan ku miƙa wa lauyoyi ko masu binciken da aikinsu ke nan, da izinin mai shi.

Kaya ko kuɗi

Kafin ku sayi komai, ku tambaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma kada tambayar ta tsaya ga shugabanni maza da za su fara tarbar ku. A zauna da mata daban, mace ce za ta yi musu magana, da tafinta daga cikinsu wadda suka yarda da ita. Tafinta daga ɓangaren da ya kore su, ko da mutumin kirki ne, zai sa a yi shiru. Abin da za ku ji a irin wannan zama sau da yawa ba shi kuka zata ba: fitila a hanyar banɗaki, ƙyauren da ke kulluwa ta ciki, audugar mata, maganin hawan jini na tsohuwa, kuɗin motar zuwa asibiti.

Inda kasuwa ke ci kuma mutane na iya zuwa cikinta lafiya, kuɗi ya fi kaya. Kowane gida ya san abin da ya fi matsa masa, ba ku biyan kuɗin mota da ajiya, kuma 'yan kasuwar wurin suna amfana, wanda ke rage ƙyashi. Sai dai ga tsiraru sharaɗi na biyu shi ne abin dubawa. Musulmin da aka yi wa ƙawanya a garin Boda na Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a 2014, ko 'yan Rohingya da aka killace a sansanonin kusa da Sittwe a Myanmar tun 2012, ba su da halin fita sayayya yadda suke so. A irin wannan wuri kuɗi bai isa ba, sai an kai kayan. Haka kuma tura kuɗi ta waya na bukatar layi mai rajista, wanda ya gudu ba takarda kuwa ba shi da shi.

In kaya za ku kai, akwai ma'aunin da masu aikin agaji suka yarda da shi. Ruwa lita 15 ga mutum ɗaya a rana don sha da girki da tsafta, wurin ɗiba kada ya wuce mita 500 daga masauki. Banɗaki ɗaya ga mutum 20, na mata daban, nesa da rijiya da aƙalla mita 30. Abinci kimanin kalori 2,100 ga mutum a rana. Wurin kwana mai rufi murabba'in mita 3.5 ga kowane mutum. Sabulun wanka giram 250 a wata. Ku lissafa da waɗannan za ku ga cewa kuɗinku ba zai ciyar da mutum dubu ba, amma zai iya gina banɗaki goma ko gyara famfo, kuma a cunkoso ruwa da banɗaki ne ke raba rai da mutuwa. A garin Goma na gabashin Kongo a 1994, kwalara da atini sun kashe dubun dubatar waɗanda suka tsere daga Ruwanda cikin 'yan makonni.

Abu biyu kada ku kai. Tsofaffin tufafi da aka tattara barkatai: tantance su da ɗaukar su ya fi darajarsu, kuma sau da yawa ba su dace da suturar mutanen ba. Sai madarar jarirai ta gwangwani: in aka dama ta da ruwa marar tsafta gudawa take kawowa, kuma tana sa nonon uwa ya ragu. A ciyar da uwar ya fi. Jaririn da ba shi da mai shayar da shi, ma'aikatan lafiya ne za su tsara masa.

Ranar rabo a yi da rana, rukuni-rukuni, kada a tara ɗaruruwa a fili ɗaya, kada a sanar da wuri da lokaci a bainar jama'a. A rubuta katin da sunan matar gida inda hakan ba zai jawo mata duka ba. Kada a damƙa komai a hannun mutum ɗaya, kowane ne shi. A sansanonin Goma, waɗanda suka jagoranci kisan Ruwanda su suka riƙe rabon abinci suna juya jama'a da shi, har wasu ƙungiyoyin agaji suka janye. A faɗa wa kowa da babbar murya cewa kayan kyauta ne, ba wanda zai nemi kuɗi ko wata alfarma a kansu, kuma a ware mace amintacciya da za a iya kai wa ƙorafi a asirce. Neman mata da kayan agaji abu ne da ke faruwa, kuma a ɓoye yake faruwa.

Kada ku manta da masu masaukin. Yawancin waɗanda suka gudu ba a sansani suke ba, a gidajen talakawa irinsu suke, waɗanda suka raba ɗaki da tukunya da su. In mota ta zo ta ba baƙo ta tsallake mai gida, kun shuka gaba, kuma tsirarun ne za su girbe ta bayan kun tafi. A sa mabuƙatan garin cikin lissafi, rijiya ko aji ko asibitin da za a gyara ya zama na kowa. Kuma taimako ba a haɗa shi da wa'azi ko da'awa. Mutumin da aka kora saboda addininsa, a ce sai ya saurari naka kafin ya ci, wannan ci gaba ne da abin da ya gudo wa.

Abin da ba ya jira

Wanda aka yi wa fyaɗe yana da sa'a 72 ya fara shan maganin kariya daga cutar ƙanjamau, da kwana biyar ga maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa. Don haka tun kafin ku isa wuri ku san asibitin da ke da waɗannan magunguna, ku ware kuɗin mota. Ba a tilasta wa mace kai ƙara kafin a duba ta, kuma ba a faɗa wa kowa, har danginta, sai da yardarta. Yaro daga wata shida zuwa shekara biyar, in kaurin damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, tamowa mai tsanani ce, asibiti za a kai shi a ranar. Ƙyanda a cunkoso tana kisa da sauri, don haka in ba a yi rigakafi ba ku matsa wa hukumar lafiya.

Yaron da aka tsinta shi kaɗai kada a ɗauke shi zuwa wani gari, kada a kira shi maraya, kada a ba wani riƙo na dindindin. Da yawansu iyayensu na raye suna nema. A rubuta inda aka same shi da abin da ke jikinsa, a bar shi wurin iyali daga cikin mutanensa masu harshensa, a sanar da Red Cross ko Red Crescent, waɗanda ke da sashen haɗa iyalan da suka rabu. Ga tsiraru wannan ya fi muhimmanci, domin raba yara da al'ummarsu yana cikin ayyukan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ta lissafa a kisan ƙare dangi idan an yi shi da nufin shafe su.

Game da firgici, ba sai kun zama likitoci ba. Ku zauna, ku saurara, kada ku matsa a ba ku labari, kada ku yi alkawarin da ba ku iya cikawa. Wanda ya daina ci da barci kwanaki, ko yake maganar kashe kansa, a kai shi ga ƙwararre. Amma babban magani yana cikin al'ummar kanta. Lokacin da matan Yazidawa suka fara kuɓutowa daga hannun IS, jagoran addininsu, Baba Sheikh, ya ba da sanarwar cewa a karɓe su, suna nan a matsayinsu na Yazidawa. Wannan magana ta yi abin da ba wata ƙungiyar waje da za ta iya. Duk da haka 'ya'yan da aka haifa a hannun mayaƙan ba su sami wannan karɓar ba, kuma iyaye mata da dama sun shiga halin zaɓi tsakanin ɗa da dangi. Shi ya sa tallafa wa wurin ibada, makarantar harshensu da jana'izar mamatansu ba almubazzaranci ba ne, amma kuma a riƙa lura da waɗanda al'ummar kanta ta ture gefe.

Takardu da komawa gida

Wanda ya tsallaka iyaka ɗan gudun hijira ne a doka, kuma sashe na 33 na yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ya hana a mayar da shi inda ransa ke cikin haɗari. Wanda bai bar ƙasarsa ba, alhakinsa na wuyan gwamnatinsa, kuma a Afirka akwai yarjejeniyar Kampala ta 2009 a kansa. Yadda ake aiki da waɗannan ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka maganar mutum ɗaya takamaimai sai lauyan da ke wurin. Abin da ku za ku iya shi ne biyan kuɗin sake fitar da takardar haihuwa, katin shaida, sakamakon makaranta da takardar fili. Aiki ne marar armashi, ba ya hoto, amma shi ke buɗe makaranta da asibiti da aikin yi. Ku taimaki iyalai su rubuta gonakinsu da iyakokinsu da sunayen maƙwabta tun dattawan da suka sani suna raye, domin korar tsiraru sau da yawa ƙasa ake nema da ita, kuma bayan shekara biyar wani ne zai fito da takarda.

Kada ku zuga kowa ya koma, kada kuma ku biya motar komawa don hukuma ta ce an samu lafiya. A bar wakilansu, har da mata, su je su gani da idonsu su dawo su faɗa.

Iyakar abin da agaji ke yi

Buhun abinci ba ya tare harsashi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana garin Srebrenica na Bosniya a matsayin tudun mun tsira a 1993, ana kai agaji, amma a Yulin 1995 aka kashe maza da samari Musulmi kimanin 8,000. Tsaro aikin hukuma ne, kuma matsa mata lamba yana cikin taimako: wasiƙa ga wakilai, bayani ga 'yan jarida masu tantancewa, rakiyar shugabannin al'ummar zuwa ofisoshin da ba a sauraron su su kaɗai. In kuna cikin masu rinjaye a inda kuke, muryarku ta fi kuɗinku tsada. A Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, Akbishop Dieudonné Nzapalainga ya saukar da Imam Oumar Kobine Layama a gidansa lokacin da rikici ya yi tsanani, suka riƙa yawo tare suna kwantar da jama'a. A garin Bossemptélé na ƙasar, Fada Bernard Kinvi ya ɓoye ɗaruruwan Musulmi a harabar asibitin mishan. Haka kuma ku tsare yatsunku: masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna a 2018 yadda aka yi amfani da Facebook wajen hura ƙiyayya ga 'yan Rohingya. Hoton gawa da ba ku tabbatar da asalinsa ba, ko da tausayi ya sa kuka tura, yana iya zama dalilin ramuwa a kan wasu tsirarun a wani gari.

Ga ƙungiya irin taku, abin da na fi gani da amfani shi ne kada ku je da kanku a karon farko. Ku nemi ƙungiyar da mutanen suka kafa da kansu, ko wadda ta daɗe a cikinsu. Ku tambaye ta rajistarta, asusun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu, lissafin bara, mata nawa ne a shugabancinta, da yadda take adana sunaye. Ku tambayi mutum biyu da ba ita ta haɗa ku da su ba. Ku fara da kaso kaɗan, ku ga rasit, sannan ku ƙara, kuma ku yarda wani abu ya tafi ga man mota da albashin ma'aikaci, domin kaya ba sa kai kansu.

Sauran kuɗin kuma ku raba shi wata goma sha biyu, kada ku juye shi a mako ɗaya. A makonnin farko kowa na kawowa, bayan shekara sai a nemi masu taimako a rasa. A 2023, shekara shida bayan gudun 'yan Rohingya, ƙarancin kuɗi ya sa hukumar abinci ta duniya ta rage abin da take ba kowane mutum a sansanonin Cox's Bazar na Bangladesh daga dala 12 a wata zuwa 10, sannan zuwa 8. Ku zaɓi abu ɗaya da za ku iya riƙewa, albashin malami ɗaya ne, kuɗin motar marasa lafiya ne, ko takardun gida hamsin, ku rubuta wa abokan aikinku adadin da za su samu kowane wata da watan da zai ƙare, domin su san yadda za su tsara.